Kwatamin Sallau

Ke Suwaiba, dawo da kwanon nan. Wa ya koya miki watsa ruwan wanke-wanke haka, ba bisimilla, ba ki ma duba inda zai sauka ba? Ni dai ban koya wa uwarki haka ba. Ku yaran yanzu an kai ku boko, kun iya karanta abin da ke jikin kwalba, amma ba ku iya zubar da ruwa ba. Kai kuma Nafi'u, kashe wayar nan, tana haske mini ido. Ku matso kusa, ku rage murya. Ba tatsuniya zan yi muku ba, kada wanda ya ce mini ta zo mu ji ta. Wanda abin ya faɗa wa jinina ne. Da wannan bayan na goya shi.

Sunansa Sallau, ɗan ƙanena Barau. Ba ku riske shi ba.

Kun san Tudun Yumɓu, can bayan tsohuwar mahauta, inda ƙasa take gangarawa har ta faɗa Fadamar Gauraka. Yanzu gidaje ne a jere. Da can babu kowa a wurin sai mu magina tukwane, gida biyar a kan tudu, muna sauka gindin gangare mu haƙo yumɓu. Tun ban isa ɗaukar tulu ba nake bin uwata can.

Akwai abin da muka tarar, ba mu kuma tambayi dalili ba. Babu gidan da rariyarsa take kallon fadama. Ruwan wanka, ruwan wanki, ruwan kanwa, duk bayan tudu ake juya shi. In ƙasa ta ƙi, sai a haƙa rami a cikin gida, tsayin mutum, a cika shi da tsingaro, wato fasassun tukwane, da gawayi da yashi. Ruwan ya nutse can, ƙasa ta tace shi a hankali. Uwata takan ce, "Muna sama, suna ƙasa. Na sama shi ke kula da hannunsa." Ba ta taɓa faɗin ko su wane ne ba. Ba a faɗa.

Daga baya hukuma ta zo ta kafa turakun siminti a gindin gangaren, aka shafa musu farin fenti. Aka ce daga nan zuwa ruwa ba gini, ba sara, ba harbi, saboda tsuntsayen da suke tahowa daga uwa duniya su yi rani a wurin. Aka ajiye mai gadi. Muka ce to, madalla. Mu dai mun san ba tsuntsaye kaɗai ke ciki ba.

Sallau dillalin filaye ne, kuma Allah ya ba shi baki. Ya bi magada ɗaya bayan ɗaya har ya saye gangaren duka, daga kan tudu zuwa fararen turakun. Ya ce gida goma sha huɗu zai yi, hawa-hawa kamar matakala, kowanne tagarsa tana kallon ruwa. Ya ɗauko injiniya daga birni, wani siriri mai tabarau, ana ce masa Lurwanu.

Ranar da nake ba ku labari cikin bazara ne, zafin da kaza take yawo baki buɗe. Na hauro da yumɓu a ka, na tarar da Sallau da injiniyan a gindin kanyar da ke tsakiyar gangaren. Sun baza takarda a kan tabarma, sun danne kusurwoyinta da duwatsu. Na sauke kayana don in huta. Musu suke yi.

Injiniyan yana cewa, "Alhaji, ruwan sama ba ya ba ni tsoro, ya san hanyarsa. Ruwan gidajen nake ji. Dole kowane gida a bar masa wurin rami."

"Rami goma sha huɗu?" in ji Sallau. "Wurin rami ɗaya ɗaki ne guda. Ɗaki goma sha huɗu kake so in binne?"

"To ina zai je?"

"Inda ruwa yake zuwa mana. Allah ya ba ni gangare kyauta, in tsaya ina haƙa?"

Ya nuna da yatsa. Kwata ɗaya ta siminti, daga gidan sama har gidan ƙasa, kowa ya zuba a ciki. In ta iso turakun hukuma sai ta shiga bututu, bututun ya bi ta ƙarƙashin ƙasa, ya fito can cikin ciyawar kacala inda ido ba ya kaiwa.

Lurwanu ya cire tabarau ya goge. "Wannan layin ba da hannuna ba, Alhaji."

"Kawo alƙalamin."

Sallau ya ja layin da kansa. Karkatacce ma. Injiniyan ya naɗe igiyar awonsa, ya ce zai je ya nemi masallaci, ya haye tudu. Bai dawo ba, ranar nan ko wata rana.

Na ce, "Kai Sallau. Bayan ɗakina akwai tsingaro tsibi guda, na shekara talatin. Ka aiko a kwasa, ka yi wa mutane ramukansu."

Ya yi dariya. "Gwaggo, tukwanen sun ƙi sayuwa da rai, gawarsu za ki sayar mini?"

"Wa ya ce ka saya, marar kunya?"

"Zamani ya wuce tsingaro, Gwaggo. Siminti ake yi."

Ina shirin ba shi amsa, sai na ji wurin ya yi tsit.

Fadamar nan ba ta shiru. Ko da rana tsaka akwai agwagin ruwa, akwai kurciya, akwai ƙudan zuma a kan kanya. Duk suka ɗauke lokaci ɗaya, kamar an kife su da masaki. Inuwar kowane abu ta shige ƙarƙashinsa.

Wata mace tana haurowa daga wajen ruwa.

Tana da tsawo. Baƙin zane, lulluɓi har goshi. Ba ta sauri, ba ta kuma haki, alhali gangaren nan yana sa saurayi haki. Ta tsaya a bakin tabarma.

"Sannu da rana, maƙwabci."

Kun san in mutum ya sa baki cikin sabon tulu ya yi magana? Haka muryarta take. Ni na san tulu.

Sallau bai ɗaga kai sosai ba. "Yauwa, baiwar Allah. Fili ake nema? An kusa gama rabawa."

"Muna da wuri. Mun ji za mu yi maƙwabta."

"Za ku yi. Masu hali ma."

"Madalla. Tudu naku ne." Ta dubi takardar. "Ta ina ruwan gidajen zai bi?"

"Wannan aikin injiniya ne."

Ta sunkuya. Ta ɗora yatsa ɗaya a kan takardar, daidai ƙarshen karkataccen layin. "Nan ƙofar ɗakina ce. Nan nake wanke yara. Nan muke sha."

"Baiwar Allah, fadamar nan ta fi gari faɗi. Ki matsa gaba kaɗan."

"Mun riga kakanka zama."

Lokacin ne idona ya sauka ƙasa. Bakin zanenta a jiƙe yake sharkaf, yana ɗiga, a watan da rijiyoyi suke ƙafewa. Sai ƙafafun. Yatsun dogaye ne, fata ta haɗe tsakaninsu, irin na agwagwa. Na so in yi salati a fili, harshe ya ƙi. Na yi a zuci.

Ta miƙe. Ta dube ni ta ƙarƙashin lulluɓin. "Sannu, 'yar Dije."

Dije uwata ce. Ta rasu tun ba a haifi Sallau ba.

Sannan ta ce da shi, "Abin da ka aiko mana ba za mu sha mu kaɗai ba. Maƙwabta da moɗa ɗaya suke sha."

Ta juya ta gangara. Duk inda ta taka, sawun yana cika da ruwa, busasshiyar ƙasa tana tsattsafo da shi. Ta wuce fararen turakun, ta shiga kacala. Ciyawar ba ta motsa ba.

Kurciya ta ci gaba da kuka.

Na ce, "Ka ga ƙafarta?"

"Matar masunta ce, Gwaggo. Duk haka ƙafarsu take, ruwa ya cinye." Yana goge takardar da hannun riga. Wurin da ta taɓa ya ƙi bushewa. Ya shanya ta a rana, ya ƙi. Ya naɗe ta haka nan ya cusa a aljihu.

Na yi masa faɗa ranar, na ƙara washegari. Na ce masa aljanu halittar Allah ne kamar mu, akwai masu salla a cikinsu, kuma haƙƙin maƙwabci ba ya faɗuwa don ba ka ganin maƙwabcin. Ya ce in yi masa addu'a kawai. Na je na sami matarsa Ladidi. Ta ce, "Gwaggo, in bai ji taki ba, tawa zai ji?"

Katafila ta zo. Ta yanka gangaren hawa-hawa. Duk ƙasar kirki mai shan ruwa ta kankare ta ture gefe, har sai da jan dutse ya bayyana. A kan dutsen aka kafa gidajen, aka malale tsakar kowane gida da siminti, bango zuwa bango. Kanyar ma aka sare ta. Bututun kuwa, Sallau ya jira har mai gadin fadama ya tafi garinsu yin salla, ya sa aka binne shi cikin yini biyu, aka mayar da ciyawa a kai.

Gidajen sun yi kyau, ba zan yi ƙarya ba. Kafin bazara ta zagayo duk an saye. Malaman makaranta, da direbobi, da wani mai sayar da magani. Mutanen kirki, ba su san komai ba. Suka tare. Mata suka hau wanki da girki, aka yi wa yara wanka. Kwata ta fara gudu.

Kwana bakwai ba abin da ya faru.

Ran na takwas Sallau yana gidansa a cikin gari, nesa da tudun. Ya ci abincin rana, Ladidi ta kawo masa ruwa a moɗa, daga randar da ni na gina mata. Ya kurɓa. Ya furzar a tsakar ɗaki.

"Me kika zuba a randar nan?"

"Ruwa."

"Ɗanɗana ki ji."

Ta sha, ta shanye. Ruwa ne garau, mai sanyi. Suka dubi abin da ya furzar. Kumfar sabulu. Ƙwayar shinkafa uku. Da silin gashi, dogo, irin wanda yake fita in mace tana tsifa.

Tuwon dawa aka yi a gidan ranar.

Aka sayo ruwan leda. Ya huda da haƙorinsa, ya tsotsa. A leda fari tas, a bakinsa ruwan wanki. Aka dama fura, haka. Aka yanka kankana, ya tauna, ya ji kanwa da tsohon mai. In ya daure ya haɗiye, kafin ya ajiye moɗa ya amayar. Aka kai shi asibiti, suka duba suka ce ba su ga komai ba, suka ɗaura masa ƙarin ruwa. Hannun ya kumbura kamar gora, ya ƙi karɓa. Aka kira malami, mutumin kirki, ya yi addu'a, ya rubuta allo ya wanke. Zai miƙa masa ke nan, sai malamin da kansa ya tsaya da ƙwaryar a hannu. Rubutu sha ake yi.

Kwana na uku ya aiko a kira ni.

Na same shi kwance a gindin randa, ya manna kunci a jikinta don sanyi. Leɓensa ya tsattsage. Mutumin da bakinsa ya saye gangare guda, magana ba ta fita sai iska.

"Gwaggo."

"Na'am."

"Matar nan."

"Yanzu ka ga ƙafarta?"

Ya rufe ido.

Na ce, "Tashi. Ba a aika wa maƙwabci da ban haƙuri, zuwa ake yi."

Muka jira rana ta take tsaka, don a lokacin ta zo mana. Aka kai mu a mota har kan tudu, na ce direban ya tsaya nan. Muka gangara yana dafe da kafaɗata, muna bin gefen kwatar. Tana gudu a hankali, launin toka, ɓawon albasa yana yawo a kai. Wata amarya ta leƙo daga ƙofa ta ce, "Sannu da zuwa, Alhaji. Gida ya yi daɗi." Muka wuce.

A fararen turakun na tsaya. Na ce, "Nan ce iyakata. Ni ba a kira ni ba."

Ya wuce shi kaɗai yana tangaɗi. Taku ashirin ne zuwa bakin bututun, ina hango shi ta tsakanin ciyawa. Wurin da na sani da farin furen bado ya zama baƙin taɓo. Tarwaɗa biyu sun juya ciki sama. Wari kuwa ba a magana.

Tsuntsaye suka ɗauke.

Matar nan tana zaune a kan bakin bututun, kamar tun ɗazu tana nan. Akwai yaro a cinyarta, naɗe cikin zane. Tana goge masa ido da bakin lulluɓinta. Ban ga fuskar yaron ba, kuma na gode Allah.

Sallau ya durƙusa cikin taɓon.

"Ka zo, maƙwabci."

"Na tuba."

"Ba gare ni ake tuba ba." Ta ci gaba da gogewa. "Kwanansa goma bai buɗe ido ba. Kai naka uku."

"Zan toshe."

"Toshe. Sai ya biyo ta sama."

"Zan haƙa ramuka."

"A kan dutse?"

Ya waiwayi gangaren. Shi da kansa ya sa aka kankare ƙasar.

"Zan tashe su. In rushe gidajen."

"Su ba su yi mana komai ba. Ba ma raba uwa da ɗakinta."

"To me zan yi?"

"Ruwanka ne. Ka kwashe abinka ka kai bayan tudu, inda kakanninka suke kaiwa."

"Zan ɗauki lebura."

"Lebura ne ya ja layin?"

Ta sa hannu cikin zane ta fito da ɗan ƙoƙo, baƙi, bai fi tafin hannu ba. Ta ajiye shi a kan bututun.

"Ranar da ko ɗigo bai wuce turakun nan ba, in rana ta faɗi ka ɗebi ruwa da wannan. Za ka same shi yadda Allah ya yi shi. Ka sha har ka ƙoshi. Ranar da ya wuce, mu sha tare."

"Har yaushe?"

"Har gidajen su daina wanka." Ta gyara wa yaron zane. "Na yau kyauta ne, albarkacin 'yar Dije."

Ya sunkuya ya ɗauki ƙoƙon. Da ya ɗago kai, bakin bututu ne kawai, yana ɗiga.

Da magariba na ɗebo masa a randa da ƙoƙon. Ya sha ashirin da ɗaya, ina ƙirgawa. Yana sha yana kuka kamar yaron da aka yaye.

Washegari ya toshe bututun da siminti. Ya sa aka fasa dutse da diga daidai sama da turakun, aka gina kwatami, wato ramin tara ruwan kwata, faɗin ɗaki guda, aka shafe shi. Ya sayi kura irin ta 'yan garuwa, mai jarka goma. Daga asuba ya cika, ya tura har kan tudu, ya gangara baya ya zubar, ya dawo. Alhaji guda, da tumbinsa. Watan farko sau biyu yana faɗuwa kura ta bi ta kansa.

Da yake Sallau ne, sai da ya gwada wayo. Ya kawo injin ban-ruwa ya ja tiyo har kan tudu. Kwatami ya bushe ƙarau kafin azahar. Da magariba ya ɗebi ruwa da ƙoƙon, ya furzar da kumfa. Ranar da zazzaɓi ya kwantar da shi ya ɗauki lebura biyu, ya kwana da zazzaɓi da ƙishirwa. Daga nan bai sake ba.

Bayan tudun ma ya fara caɓewa. Wata safiya sai ga shi a ƙofata, yana murza hula.

"Gwaggo, tsingaron nan yana nan?"

"Gawar tukwane? Ai zamani ya wuce ta."

"Gwaggo, don Allah."

Na ba shi. Ya haƙa rami a bayan tudu, inda katafila ba ta taɓa ba, ya cika yadda uwata take cikawa. Ya iya ashe. Yana yaro ya sha ganina ina yi.

Mutane suka ce Alhaji Sallau ya taɓu. Dillanci ya tsaya, don ba ya iya barin gangaren yini guda. Ya sayar da mota, ya sayar da gidan cikin gari, suka dawo kusa da ni a kan tudu shi da Ladidi. Allah ya yi mata albarka, ba ta gudu ba. Yakan bi ƙofa-ƙofa.

"Uwar gida, a rage wanki yau, don Allah."

"Alhaji, da ka sayar mana da gidan ba ka ce ba a wanki ba."

In ya ji guɗa a ɗaya daga gidajen, fuskarsa sai ta canza. Suna ko biki ruwa ne, tukwane goma, baƙi ɗari, kowa da alwalarsa. Ana kiɗa a sama, shi yana ƙasa yana kwasa da gudu.

Damina ita ce babbar abokiyar gaba. Tsakar gida goma sha huɗu, duk siminti, duk cikin kwata ɗaya suke juyewa. Hadari ɗaya, kwatami ya tumbatsa ya tsallake turakun. Ranar sai ya kwana haka. Wani lokaci kwana biyu. Ya koyi daurewa, ya ce mini yana ɗaukarsa kamar azumin da ba a shan ruwa. Tumbin ya tafi. Ya bushe ya zama kamar kara. Amma salla ba ta wuce shi, kuma bakin nan mai zaƙi ya koyi yin shiru. Shekara shida yana haka.

A ta bakwai aka yi marka, ruwan nan da yake sauka ba ƙaƙƙautawa. Ta fara ranar Talata.

Laraba yana kwasa cikin ruwa. Kura ta kafe a taɓo, ya koma ɗaukar jarka a ka. Alhamis Ladidi ta bi gidajen tana roƙo. A wannan karon matan suka ji, don sun ga idonsa. Ba wanda ya yi wanki, ba wanda ya yi wanka, yara suka kwana da dauɗarsu. Amma sama ba ta ji ba. Tana wanke toka da kashin kaji daga tsakar gidaje, tana motsa dauɗar shekara shida da ta kwanta a gindin kwatamin, tana turawa ƙasa.

Juma'a na sa buhu a ka na gangara. Na same shi cikin kwatami, ruwa har ƙirji.

"Fito, Sallau. Ba ka kwashe sama da jarka."

"Saura kaɗan, Gwaggo."

"Ba saura kaɗan ba ne."

Ya ɗaga fuska sama ya buɗe baki. Ruwan Allah, daga gajimare, bai taɓa ƙasa ba. Ya sunkuyar da kai ya tofar. Na ga kumfar tana bin ruwa.

Na wuce shi na je na tsaya a turakun. Ni da ban taɓa roƙon kowa ba sai Mahaliccina, na ce, "Maƙwabciya, 'yar Dije ce. A duba shi." Ba abin da na ji sai ruwa a kan kacala.

Lahadi da la'asar aka ɗauke. Ladidi ce ta gan shi a tsakiyar gangaren, daidai inda kanyar take a da. Yana zaune ya jingina da kurar, jarka tsakanin ƙafafunsa, tufafinsa suna ɗiga. Ƙoƙon yana hannunsa, ruwan sama ya cika shi har baki. Wanda ya yi masa wanka ya ce mini harshensa a bushe yake kamar fatar da aka shanya. A shekarar da ruwa ya ci gadar gari, ƙishirwa ta kashe Sallau.

Muka binne shi. Ƙoƙon ni na kai shi da hannuna, na ajiye a kan turke. Da safe ba ya nan.

Kwatamin yana nan har gobe. Ba a ɗauki kowa aikinsa ba, masu gidajen kuma sun daina tambaya. Da safe yana cika. Kafin magariba a kwashe yake. Ni ban ce shi ne ba, mamaci yana kabarinsa, Allah ne masani. Amma hanyar nan da tayar kurarsa ta fitar, wadda kuke yanke ta in an aike ku kasuwa, kada in sake jin wani ya bi ta shi kaɗai da rana tsaka. In tsautsayi ya kai ku, kuka ji tsuntsaye sun ɗauke, kuka ji ƙarar taya a bayanku da numfashin mutum yana haurowa, ku ratse gefe ku ba da hanya. Kada ku waiwaya. Kada ku tsayar da shi da gaisuwa, yana sauri ne kafin rana ta faɗi.

Shekara goma sha tara ke nan. Bara kuma aka ƙara gida shida a sama.